BABI NA UKU: TSARIN INDARARO DA MATATTARAR RUWA A AKWATIN KIFI NA GIDA A AREWACIN BIRNIN KADUNA

3.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a yi bayanin yadda ake haɗa bututun da ke sauke ruwa daga akwatin gilashi na kiwon kifin ado zuwa wani ƙaramin tanki da ake ajiyewa a ƙarƙashinsa, sannan a sake tura ruwan sama, ba tare da ƙara ta dami mutanen gida ba, kuma ba tare da ruwa ya malale a ɗaki ba. Saboda sauƙin bayani, an kira hanyar da ruwa ke bi ya sauka da sunan indararo, domin aikinta ɗaya da indararon soro, wato fitar da rarar ruwa kafin ya yi ɓarna. Shi kuwa tankin na ƙasa an kira shi matattara, domin a nan ne ruwa ke taruwa a tace shi. Bayanin zai dogara ne bisa yanayin unguwannin da ke arewa da kogin Kaduna, tun da yake tsarin da ya yi aiki a wata ƙasa ba lalle ba ne ya yi aiki a nan sai an yi masa gyara.

3.1 Yanayin Wurin da ya Shafi Tsarin

Abubuwa uku ne a arewacin Kaduna suka fi shafar wannan aiki, wato ruwa da wutar lantarki da kuma yanayin shekara.

Dangane da ruwa, gidajen unguwanni irin su Malali da Unguwar Rimi da Unguwar Sarki da Badarawa da Unguwar Dosa da Kawo suna samunsa ta hanyoyi daban-daban. Akwai ruwan famfo da ake ɗebowa daga kogin Kaduna a tace a matatar Malali, akwai rijiyar burtsatse, akwai rijiyar gida, akwai kuma na 'yan garuwa. Ruwan famfo yakan zo da sinadarin kulorin, wanda yake kashe ƙwayoyin cuta domin amfanin ɗan Adam, amma kuma yana ƙona hucin kifi, yana kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin matattara. Saboda haka tilas a ajiye irin wannan ruwa a buɗe ya kwana, ko a sa masa maganin kashe kulorin, kafin a zuba.

Dangane da wuta kuwa, an kafa hukumar NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, aka sayar da sassanta ga 'yan kasuwa daga 2013, amma har yanzu jama'a NEPA suke cewa, kuma ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne. A ƙasashen da aka ƙirƙiro tsare-tsaren da za a bayyana, ɗauke wuta abu ne na jefi-jefi. A Kaduna kuwa dole mai haɗa bututu ya ɗauka cewa injinsa zai tsaya ya kuma tashi sau da yawa, wani lokaci cikin dare, wani lokaci ba kowa a gida. Wannan shi ne babban ma'aunin da za a auna kowane tsari da shi.

Ta fuskar yanayi, lokacin hunturu, musamman Disamba da Janairu, iska busasshiya ce ƙwarai, tana shanye ruwa da sauri, tana kuma kawo ƙura. A bazara, wajen Maris da Afrilu, zafi yakan haura digiri 35. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa: a digiri 20 lita ɗaya kan riƙe kimanin miligiram 9, a digiri 30 kuwa kimanin 7.5. Ga shi kuma Kaduna tana bisa tudu na kimanin mita 600, wanda ke ƙara rage wannan adadi kaɗan.

3.2 Amfanin Matattara

Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta hucinsa, haka kuma kashinsa da ragowar abinci idan sun ruɓe amoniya suke bayarwa. Amoniya guba ce ga kifi, kuma gubarta tana ƙaruwa idan ruwa ya yi ɗumi. A kogi yawan ruwa ne ke tafiya da ita, amma a akwati ba ta da wurin zuwa. Abin da ke ceton kifin shi ne wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda masanin nan na Rasha Sergei Winogradsky ya ware su ya bayyana aikinsu a 1890. Kashi na farko suna mayar da amoniya zuwa naitirait, wanda shi ma guba ne, kashi na biyu kuma su mayar da naitirait zuwa naitiret, wanda cutarsa kaɗan ce, kuma ana rage shi ta hanyar canza wani ɓangare na ruwan lokaci-lokaci. Waɗannan ƙwayoyi suna zama ne a jikin abu mai kaushi wanda ruwa mai iskar shaƙa ke ratsawa, kuma sukan ɗauki makonni huɗu zuwa shida kafin su yawaita a sabon akwati.

Matattara ita ce gidan waɗannan ƙwayoyi. Akan raba ta ɗaki uku da allunan gilashi. Ɗaki na farko shi ne inda ruwa ke sauka ya ratsa soso, ya bar datti mai kauri. Na biyu akan cika shi da tsakuwa mai kaushi ko zobban tangaran ko na roba, inda ƙwayoyin ke zama. Na uku kuma shi ne mazaunin injin tura ruwa. Bugu da ƙari, matattara tana ƙara yawan ruwan tsarin baki ɗaya, tana ɓoye kayan aiki daga idon baƙo, sannan tana sa tsayin ruwan akwati ya tsaya wuri ɗaya kullum. Wannan ita ce dabarar da masu ƙyanƙyasar tarwaɗa suke bi a manyan tankuna masu juya ruwa, sai dai a nan an ƙanƙanta ta ta dace da falo.

3.3 Yadda Ruwa ke Zagayawa

Ka'idar tsarin guda ɗaya ce: injin ne ke ɗaga ruwa sama, nauyin ruwan ne ke dawo da shi ƙasa. A wata kusurwa ta cikin akwati akan gina ɗan ƙaramin ɗaki na gilashi, wanda bakinsa yake ƙasa da bakin akwati da kimanin santimita 3 ko 4. Idan inji ya turo ruwa, sai ruwan akwati ya ɗaga ya tsallake bakin wannan ɗaki, ya shiga bututun da ke ciki, ya gangara matattara. Abin da inji ya turo shi kaɗai ke sauka, ba ƙari ba ragi. Don haka ba a sa inji biyu, ɗaya na hawa ɗaya na sauka, domin ba yadda za a yi su daidaita, kuma ƙarshen abin ambaliya ce. Akan yi wa bakin ɗakin haƙora kamar na matsefi domin kada ƙananan kifaye su bi ruwa. Yawan ruwan da ya wadatar shi ne ya zagaya ninki uku zuwa biyar na cikin akwati a kowace awa.

3.4 Musabbabin Ƙara

Ƙarar da ake ji daga indararo tana da tushe uku. Na farko, faɗuwar ruwa daga bakin ɗakin indararo zuwa ƙasansa. Gwargwadon nisan faɗuwar, gwargwadon ƙarar. Na biyu, cakuɗuwar ruwa da iska a cikin bututu, kuma shi ne mafi damuwa. Idan ruwa kaɗan ne, yakan bi jikin bututu ya sulale, iska na tsakiya, ba a jin komai. Idan ya ƙaru har ya toshe bakin bututu, sai ya fara zuƙo, ya ja ruwa da ƙarfi har bakin ya buɗe, iska ta kutsa, zuƙon ya yanke, ruwa ya sake taruwa. Wannan kai-komo ne ke ba da sautin nan mai kama da kurkurar maƙogwaro, wanda da rana hayaniyar gari kan danne shi, amma da dare yakan hana barci. Na uku shi ne girgizar inji idan ya jingina da gilashi ko katako.

Daga nan za a fahimci cewa bututu yana yin shiru ne a hali biyu kacal: ko dai ya cika fal da ruwa ba iska ko kaɗan, ko kuwa ruwan ya zama ɗan siriri mai bin jikinsa. Duk tsare-tsaren da ke tafe dabaru ne na tsayar da bututu a ɗaya daga cikin waɗannan halaye.

3.5 Ire-iren Indararo

3.5.1 Mai Bututu Ɗaya

Wannan tsari an san shi da sunan Durso, wato sunan Richard Durso, wani mai kiwon kifin ado a Amurka. Akan tsayar da bututu a cikin ɗakin indararo, a sa masa mahaɗi mai baki uku a sama, a ɗaura gwiwa mai kallon ƙasa wadda bakinta ke nutse a ruwa, a rufe samansa da murfi mai ɗan huji domin shigar iska. Da yake bututun yana ɗaga ruwan ɗakin har kusa da baki, ƙarar faɗuwa takan ragu. Amfaninsa shi ne sauƙi da araha, huji ɗaya kawai ake yi wa gilashi, kuma yana tashi da kansa idan wuta ta dawo. Illarsa kuwa biyu ce. Ba ya yin shiru sai ruwan da ke binsa kaɗan ne, sannan kuma ba shi da mataimaki. Ranar da katantanwa ko ganye ko mataccen kifi ya toshe shi, inji zai ci gaba da turo ruwa har akwati ya tumbatsa.

3.5.2 Mai Bututu Biyu

Wannan shi ake kira Herbie, ya kuma yaɗu a tsakanin masu kiwo daga 2004. Bututu na farko gajere ne, bakinsa yana nutse kimanin santimita 15 ƙasa da bakin na biyu, kuma yana aiki ne da cikakken zuƙo, irin yadda ake zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo. Bututun da ke zuƙo yana jan ruwa fiye da kima. Bisa ka'idar da Torricelli ya bayyana a 1643, ruwan da ya gangaro daga tsayin mita 1 zai iya gudun kimanin mita 4.4 a daƙiƙa. A bututu mai faɗin milimita 25 wannan ya kai lita 7,800 a awa bisa lissafi, kuma ko da gogayya da lanƙwasa sun cinye rabi, abin da ya rage ya zarce ƙarfin injin gida nesa ba kusa ba. Saboda haka akan sa masa bawul a kusa da matattara, a yi ta rage shi a hankali har abin da yake ja ya yi daidai da abin da inji ke turowa. A lokacin nan ruwan ɗakin zai tsaya a gefen bakin bututu na biyu, iska ba ta samun shiga, ƙara kuma ta ɗauke.

Bututu na biyu na ko-ta-kwana ne. Ba a sa masa bawul, kuma dole ya iya ɗaukar dukan ruwan shi kaɗai. Idan na farko ya toshe, shi zai karɓa, kuma ƙarar da zai yi ita ce za ta sanar da mai gida cewa akwai matsala.

3.5.3 Mai Bututu Uku

Shi ne ake kira BeanAnimal, wanda aka bayyana a 2008. Ya haɗa biyun da suka gabata: bututun zuƙo mai bawul, da bututu irin na Durso mai ɗaukar 'yar rarar da ta saura, da kuma na uku wanda yake zaune a bushe. Hikimar da ke cikinsa ita ce siririn tiyo da ake ɗaurawa a hujin iskar bututu na biyu, a lanƙwaso bakinsa ya tsaya daf da saman ruwa. Idan ruwa ya ɗaga ya rufe bakin tiyon, iska ta yanke, sai bututu na biyu ya koma zuƙo da kansa ya kwashe ruwan. Wannan tsari ya fi sauran aminci, kuma ba ya bukatar yawan taɓa bawul, sai dai yana cin huji uku da ɗaki mai faɗi.

Idan aka auna ukun da yanayin Kaduna, mai bututu biyu shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata a yarda da shi, mai uku kuma ya fi dacewa da babban akwati ko gidan bene, inda ambaliya za ta shafi maƙwabcin ƙasa. Akwai kuma wani nau'i da ake rataya wa akwati ba tare da huda gilashi ba, wanda ke tsallake da ruwa ta lanƙwasasshen bututu. Wannan bai dace da inda ake yawan ɗauke wuta ba, domin da zarar iska ta taru a lanƙwasar zuƙonsa ya yanke, wuta na dawowa sai ambaliya.

3.6 Lissafin Ɗaukewar Wuta

A nan ne akasarin ɓarna ke faruwa, don haka ya kamata a bi lissafin daki-daki. A ɗauki misalin akwati mai tsawon santimita 120, faɗi 45, tsayi 50. Zai ci lita 270, wato kilo 270 na ruwa kawai, ban da gilashi da tsakuwa, abin da ke nuna irin ƙwarin teburin da ake bukata. Kowane santimita ɗaya na tsayin ruwansa lita 5.4 ne. A ɗauki matattara kuma mai tsawon santimita 80, faɗi 35, tsayi 35. Kowane santimita nata lita 2.8 ne.

Idan wuta ta ɗauke, ruwa ba ya tsayawa nan take. Na saman akwati zai ci gaba da sauka, kuma bututun da ke kai ruwa sama shi ma zai juya ya zama mazuƙi, ya dinga jan ruwa baya har sai bakinsa ya sha iska. Idan bakin yana nutse da santimita 3, lita 16.2 za su sauka. A ƙara lita 3.6 na ɗakin indararo mai santimita 20 da 12 wanda zai sauka da santimita 15, da kimanin lita 2 na cikin bututu. Jimla kusan lita 22 ke nan, wanda zai ɗaga ruwan matattara da kusan santimita 8. Idan an tsayar da ruwanta a santimita 22, saura santimita 13 a sama, wato gurbin lita 36, ka ga ta shanye har da rara.

Amma da a ce an nutsa bakin bututun da santimita 15 saboda a ɓoye shi, lita 81 ne za su dawo daga akwati kaɗai. Idan aka haɗa da sauran aka cire gurbin lita 36, kimanin lita 50 za su kwanta a ɗaki, wato jarka biyu masu cin lita 25, a kan darduma da wayoyin lantarki. Maganin wannan shi ne a ajiye bakin kusa da saman ruwa, a kuma huda ɗan huji a jikin bututun daf da ƙarƙashin ruwa domin ya yanke zuƙon. Wasu kan dogara da bawul mai hana ruwa komawa baya, amma ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana shi rufewa, don haka ba a gina lissafi a kansa.

Akwai lissafi na biyu, wato idan duk bututun sauka suka toshe. A nan abin da inji zai iya turawa sama shi ne ruwan ɗakinsa kaɗai. Ɗaki mai santimita 20 da 35 da zurfin ruwa 20 yana riƙe lita 14, gurbin santimita 3 na saman akwati kuwa lita 16 ne, don haka ba za a yi ambaliya ba. Sai dai ƙanƙantar ɗakin tana da nata farashi. Duk ruwan da iska ta shanye a wannan ɗaki kaɗai yake bayyana, kuma asarar lita 3.5 za ta saukar da shi da santimita 5. Da hunturu dole a riƙa duba shi kullum ana cikowa, in ba haka ba inji ya zuƙi iska ya ƙone.

3.7 Kayan Aiki da Haɗawa

Akasarin kayan ana samunsu a wurin masu sayar da kayan famfo a kasuwar Panteka da kasuwar Sheikh Abubakar Gumi: bututun roba na PVC, gwiwa, mahaɗi mai baki uku, gam, da mahaɗin tanki irin wanda ake ɗaura wa tankin ruwa na saman gida. Ana huda gilashi da zagayayyen mahuji mai bakin lu'ulu'u, ana zuba ruwa a hankali ba tare da dannawa ba, a kuma bar tazarar da ba ta gaza faɗin hujin ba daga gefe. Gilashin da aka gasa domin ƙwari ba ya huduwa, rugujewa yake yi. Silikon ɗin da za a liƙa gilashi da shi ya zama marar maganin fumfuna, domin na banɗaki yana kashe kifi. Haka kuma an fi son bawul na roba bisa na tagulla, musamman mai murɗawa zagaye da yawa, saboda ya fi daɗin daidaitawa.

Bututun zuƙo ya gangara kai tsaye, a guje wa shimfiɗa shi a kwance, domin a nan iska ke maƙalewa. Ƙarshensa ya nutse a matattara da santimita 2 zuwa 3 kawai. Idan ya yi zurfi zai kasa korar iska lokacin da wuta ta dawo. A ɗora inji bisa soso, a haɗa shi da bututu ta guntun tiyo mai laushi domin kashe girgiza. Wajen sayen inji a duba ƙarfinsa a tsayin mita 1.2 zuwa 1.5, ba lambar da ke jikin kwali ba, domin ita an auna ta ne ba tare da hawa ba. Ga akwatin misalin nan ana bukatar lita 800 zuwa 1,350 a awa. A kuma tabbata na bolt 220 zuwa 240 ne, domin na Amurka na bolt 120 ne. Soket ya kasance sama da matattara, waya kuma ta sauko ƙasa kafin ta hau zuwa gare shi, yadda ɗigon ruwa ba zai bi ta ya shiga ba.

3.8 Gwaji da Kulawa

Hausawa kan ce rigakafi ya fi magani. Kafin a zuba kifi ko ɗaya, wajibi ne a yi gwaji uku. A kashe inji a jira ruwa ya gama sauka, a ga inda ya tsaya a matattara. A kunna shi a ga ko zuƙo zai kama da kansa cikin 'yan mintuna; a maimaita haka sau da yawa. Sannan a rufe bawul gaba ɗaya a tabbatar bututun ko-ta-kwana ya ɗauke ruwan duka. Bayan haka a yi alama a jikin matattara wadda ba za a cika ruwa ya wuce ta ba.

Idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba, ƙwayoyin matattara da kifin kansa sukan rasa iskar shaƙa, musamman da bazara. Injin wat 25 yana cin yunit 0.6 a kwana ɗaya, wato yunit 18 a wata, don haka ƙaramar inbata ko sola za ta iya riƙe shi, ko kuwa a tanadi injin hura iska mai batir. A riƙa wanke soso duk mako da ruwan akwati, ba da ruwan famfo ba, a kuma duba ɗan hujin yanke zuƙo kada gansakuka ta toshe shi.

3.9 Naɗewa

A wannan babi an nuna cewa ƙarar indararo tana fitowa ne daga cakuɗuwar ruwa da iska, an kuma bayyana tsare-tsare uku da aka ƙirƙiro domin magance ta. An nuna cewa a arewacin Kaduna shiru kaɗai bai isa a yaba wa tsari ba, sai ya iya tsayawa ya tashi da kansa duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita. Hakan kuwa yana samuwa ne ta hanyar bututun ko-ta-kwana, da barin gurbi isasshe a matattara bisa lissafi, da kuma gwaji kafin zuba kifi. Babi na gaba zai duba ire-iren kifin da suka dace da irin wannan akwati, na gida kamar karfasa da kurungu, da kuma na ƙetare.